Baƙi Biyu a Gidan Iya Helga

Na sauka a Jamus da harshe biyar a bakina, kuma babu ɗaya da ya yi mini amfani a tashar jirgin ƙasa ta wannan ɗan garin. Yawancin shekarun ƙarfina na yi su ne ina haƙa rijiyar burtsatse a ƙasashen mutane. A Chadi na koyi Faransanci da Larabcin kasuwa, a Garwa na gyara Fulatancin da na taso da shi a Buji, Sudan da Libiya kuma suka goge mini Larabcin. Duk inda na shiga aiki ne ya kai ni, mai aiki kuwa ba ya rasa wurin kwana. Wannan karon cuta ce ta kai ni. Ciwon nan ne na tsofaffin maza da ke toshe hanyar fitsari: ka matsa ya ƙi fita, ka miƙe ya ɗigo maka a wando. An yi ta fama a Dutse, an yi a Kano, daga baya ɗana Nasiru, da ke karatu a can, ya samo asibitin da ya yarda zai yi mini aiki.

Tun ranar farko aka cuce mu. Wani ɗan Afirka ta Yamma mai zaƙin baki ya turo wa Nasiru hotunan ɗaki kusa da asibitin, ya karɓi kuɗin haya tun kafin in taso. A waya yana ta kira na "Papa" da Faransanci. Da muka isa gidan da akwatina, wasu mutane ne daban suka buɗe ƙofa, ba su taɓa jin sunansa ba. Wayarsa a kashe. A Sabha ta Libiya an taɓa cuta ta, amma wancan ya kalli idona, har shayi muka sha. Wannan ko fuskarsa ban sani ba.

Nasiru ba shi da inda zai ajiye ni. Garinsu awa huɗu ne a jirgin ƙasa, ɗakinsa na gidan ɗalibai bai fi akurki ba, kuma dokar gidan ta hana baƙo daɗewa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tausaya mana, ta haɗa mu da wata tsohuwa mai suna Helga, wadda mijinta ya rasu, take ba da ɗaki ɗaya haya. Ta girme ni nesa, don haka na sa mata Iya. Ta nuna mini gado, ta nuna mini banɗaki, ta ga butata ta roba ta yi murmushi, tana tsammanin ta ban ruwan furanni ce. Muna tsaye a falo sai na ga wani abu mai launin ƙasa ya leƙo daga ƙarƙashin teburi, ya koma.

"Nasiru, mene ne wancan?"

"Karya ce, Baba."

"A cikin ɗaki?"

"Ba tata ba ce, riƙo take yi. Akwai gidan da ake tara karnukan da ba su da kowa. Sukan ba mutum ya riƙe kafin a sami wanda zai ɗauka dindindin. Kamar dai yadda Inna ta riƙe Safiya."

"Ka sake haɗa 'yar ƙanwata da kare, ka gani."

Iya ta ba da labarin karyar, Nasiru yana fassara. Daga titunan Romaniya aka kwaso ta. Sau biyu ana ɗaukar ta, sau biyu ana dawo da ita, saboda ba ta riƙe fitsari. Sunan da ke takardarta ya ƙi zama a bakina. Da na ji ita ma ba ta jin Jamusanci, sai na ce mata Baƙuwa.

Muddin Iya na gida ban damu ba. Ina rufe ƙofata, su suna can. Likita ya duba jinina ya ce sukari ya hau, ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai ya sauka, in dawo bayan wata guda. Bizata kuwa ƙayyadajjiya ce. Nasiru ya koma makaranta. Na zauna ina kallon ƙanƙara ta taga, rana ta fito kamar an tilasta mata, kafin ka gama lazimin La'asar ta faɗi. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba: ƙarar injin markaɗe a layinmu na Takur a Dutse, musun da muke yi a ƙofar gida bayan Magariba, har awakin maƙwabcina da ke cinye mini zogale.

Ana nan Iya ta fita zubar da shara, santsin ƙanƙara ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Motar asibiti ta tafi da ita. Washegari 'yarta Sabine ta iso daga Hamburg, mace mai sauri, tana magana da Turanci tana duba agogo. Ta ce mahaifiyarta za ta daɗe, daga asibiti gidan masu koyon tafiya za a kai ta, bayan nan kuma wurinta za ta koma. Gidan rufe shi za a yi, a sayar.

"Abu ɗaya ne ya hana ni rufewa yau," in ji ta. "Mama ta sa na yi alkawari ba zan mayar da karyar nan keji ba. Ta ce in ta koma karo na uku ba mai sake kallon ta. In za ka kula da ita, ka zauna. In ba za ka iya ba, gobe zan kira su, in karɓi makulli."

Na duba ƙarƙashin teburi. Ido biyu ne kawai ke ƙyalli. A Takur ko a ƙofar gida na ga kare, tsawa nake daka masa. Yau ga shi gadona, da aikina, da komawata gida da lafiya, duk sun rataya a wuyan wannan halitta. Na ce zan iya.

Ban iya ba. Da safe shimfiɗarta a jiƙe take sharkaf, ita kanta tana tashi tana shinshinawa kamar wani ne ya yi mata. Da rana kuma in na shiga ɗaki na rufe ƙofa zan yi salla, sai ta zo bakin ƙofar tana kuka ƙasa-ƙasa tana karta, fitsari ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa har gefen dardumata. In na fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, in taka. In koma in wanke. Kafin in gama, nawa ciwon ya motsa, in ji ɗigo, in sake wando, in sake alwala. Akwai ranar da na fara neman Azahar ban same ta ba sai da La'asar ta shigo. Na yi abin da kowa zai yi a gida: na cire takalmi na ɗaga, na ce, "Ke! Fita!" Ta manne da ƙasa, ta saki wani sabo a inda take, idonta a rufe, tana jiran duka.

Na gwada barin ƙofa a buɗe. Ta daina kuka, ta kwanta daga nesa tana kallo na. Na fuskanci alƙibla, na ɗaga hannu na yi kabbara. Kafin in kai ƙarshen Fatiha na ji fitsarin yana gudu a kan katako.

Najasa kuwa ruwa ne maganinta, haka aka koya mana tun muna yara. Duk inda ta yi, sai in goge, in ciko buta in kwarara, in sake cikowa in kwarara, har zuciyata ta natsu. A gida daɓen siminti ne ko yashi, ruwa ya bi rariya, rana ta shanye saura. Ban taɓa tunanin cewa ƙasan gidan Iya katako ne da aka jera shi tun zamanin mijinta ba. Ruwan ya riƙa shiga tsakanin katakan yana kwana. Ran da Sabine ta dawo ɗaukar wa mahaifiyarta kaya, falon ya kumbura, ya yi tudu-tudu kamar kunyar dankali. Ta tsaya ta dafe kai.

"Karyar nan ta kashe gidan nan. Shi ke nan, na gaji."

"Ba ita ba ce," na ce. "Ni ne."

Na ɗauko butar na nuna mata yadda nake yi. Ta dube ni, ta dubi butar, ta faɗi wata kalma da Jamusanci wadda ban nemi fassararta ba. Ta kawo wani ruwan wanki a kwalba da tsumma, ta durƙusa ta nuna mini: a goge, a fesa, a busar. Ta ce ta ba mu sati biyu. In falon nan ya sake jiƙewa, da ruwana ko da na karya, duka biyunmu za mu fita.

Bayan ta tafi na kira yayana, Malam, da ke da makaranta a Taura. Ban so ba, don na san bakinsa.

"Yaya Malam, ina cikin wani hali. Da kare nake zaune."

"Wane irin kare? Mutumin banza kake nufi?"

"Kare mai ƙafa huɗu. Mace."

Ya yi dariya har da tari. Ina jin yana gaya wa na kusa da shi. "Habu ya zaga duniya, ya ƙare a kiwon karnukan Nasara. To, Allah ya sa albarka a sana'a."

Da ya gama, ya saurare ni da kyau. Ya ce a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, fitsarinsa ne najasa, in daina wanke rigata don ta goge ni. Ya ce ɗigon da ke zuwa mini ba da nufi ba lalura ce, shari'a ta yi sauƙi a kai, in daina azabtar da kaina da sake alwala. Sai ya tambaye ni daidai lokacin da take sakin fitsarin in ina salla.

"Da na yi kabbara."

"Muryar ce ko hannun?"

Ban sani ba. Na ajiye waya na gwada. Na ce Allahu Akbar hannuna a ƙasa, ta ɗaga kunne kawai. Na miƙa hannu sama kamar zan ɗauko kofi a kanta, ban ce komai ba. Ta manne da ƙasa. Allah kaɗai ya san hannu nawa aka ɗaga mata a titunan da ta fito, da abin da ke biyo baya.

"To ka saki hannunka," in ji Malam da na sake kira. "Ɗaga hannu a kabbara ba farilla ba ne. Tsarkin wuri shi ne sharaɗi. Kada ka riƙe ƙarami ka saki babba."

Tun ina ɗan shekara bakwai nake ɗaga hannu in zan shiga salla. Ranar na tsaya hannuwana a sake, ina jin kamar na shiga gidan mutane ba sallama. Amma na idar, katako a bushe.

Saura shimfiɗar safe. Sabine ta bar mini adireshin likitan dabbobin da gidan karnukan ke hulɗa da shi. Na ɗaura wa Baƙuwa igiya muka fita, ni da babbar riga a kan rigunan sanyi uku, ita tana bin bango. Ina addu'a kada Allah ya haɗa ni da Bahaushe. Likitan ya dubi hulata ya yi mini sallama da Larabci. Mutumin Sham ne, sunansa Dakta Samir, yaƙi ne ya koro shi. Rabona da in yi magana mai tsawo da wani ido da ido har na manta. Na zuba kamar an ɓalle famfo.

Ya gwada fitsarinta ya ce babu ƙwayar cuta. Ya ce, "Ya Hajji, fitsari biyu gare ta, kada ka haɗa su. Na barci daban. An yi mata aikin hana haihuwa, wasu matan bayan wannan aikin bakin mafitsararsu yakan saki. Ba ta ma san tana yi ba. Wannan akwai ƙwayar da ke ɗaure shi, kuma yawanci tana aiki. Na tsoro kuwa, da ina da maganinsa da ni na fara sha."

"To shi yaya za a yi?"

"Ka riƙa fitar da ita kafin ta cika, a lokaci ɗaya kullum, ba canji. In ta yi a waje ka ba ta wani abu mai daɗi. In ta yi a ciki, kada ka ce komai, kada ma ka kalle ta. Kana da agogo?"

Na ce ina da wanda ya fi agogo.

Na dawo da kwalbar maganinta na ajiye a taga kusa da tawa. Dukansu farare, dukansu rubutun Jamusanci. Nawa aikinsa ya saki hanya, nata aikinsa ya ɗaure. Na tsaya ina tunanin abin da zai faru ran da na yi kuskure, sai na warware zare daga bakin rawanin da na zo da shi na ɗaure wuyan tata.

Kwanakin farko maganin ya so ya rikita mu. Shimfiɗa ta fara bushewa, amma Baƙuwa ta kasa zama, tana zagaye falo tana haki, ƙaramin motsi ta zabura, fitsarin tsoron ya ƙaru. Na ce wannan an toshe rami an buɗe wani. Na koma wurin Dakta Samir, ya ce yakan yi wa wasu haka, ya rage mata. A hankali ta sauko.

Sauran kuma salla ce ta yi mana. Duk lokacin da zan yi alwala, sai in ɗauki buta in fara buɗe ƙofar baya, mu fita 'yar farfajiyar Iya. In tsaya cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, in juya mata baya, don na lura ba ta yi in ana kallon ta. A nan ma mun yi kama. In ta gama in jefa mata ɗan cuku, mu koma, in yi alwala. Na gwada mata duk harsunana. Larabci ya yi mata kaushi, Faransanci ba ta kula ba. Abin da ta karɓa shi ne "Mu je" a hankali, irin yadda ake gaya wa jika. Ba a daɗe ba ya zama da na taɓa butar, tana bakin ƙofa tana jira. A lokacin sanyi sallolin rana a can a matse suke, kusa da kusa, sai hakan ya zame mata daidai. Doguwar tazarar da ke tsakanin Isha da Asuba kuma ƙwayar ta riƙe.

Hannun ma ban bar shi haka ba. Na fara ɗaga shi iya ƙugu, in na sallame in ba ta cuku. Daga nan iya ƙirji. Akwai ranar da na yi gaggawa na kai kunne, muka koma baya, na durƙusa da tsumma ban ce mata uffan ba. Akwai ranar da mai kawo wasiƙa ya buga ƙofa da ƙarfi, ta yi a kan kafet. Ba abu ne da ya tafi a miƙe ba. Amma wata Juma'a, wadda na yi Azahar ni kaɗai don babu masallaci a garin, na ɗaga hannu har kafaɗa, na ji shiru. Da na sallame na waiga. Tana kwance a bakin ƙofa, haɓarta a kan ƙafafunta, tana gyangyaɗi.

Sabine ta zo ta shafa katako da tafin hannu, ta shinshina iska, ta ce mu ci gaba da zama. Asibiti kuma suka ce sukari ya sauka, suka sa mini ranar aiki, saura sati uku. Na kira matata Hajiya a Takur na gaya mata, ta yi ta hamdala, ta ce jikoki na tambaya ko da gaske ne abin da Malam yake faɗa.

Kwana biyu bayan haka wata mata daga gidan karnukan ta kira. Ta ce akwai wasu mata da miji, dattawa, masu gida da lambu, sun ga hoton Baƙuwa suna so. Sharaɗinsu ɗaya: a tabbatar musu ta daina ɓata ɗaki. Ranar Asabar za su zo su ji daga bakina.

Sai a lokacin na ga irin ramin da nake ciki. In tana fitsari, a mayar da ita keji, a rufe gida. In ta daina, a ɗauke ta, a rufe gida. Gaba kura, baya sayaki, kuma da hannuna na gyara hanyar. Na kira Sabine, ta ce ta riga ta yi magana da masu sayen gida, ranar da karya ta fita za ta karɓi makulli, ba ta da yadda za ta yi. Nasiru ya zo ranar Juma'a da yamma, ya zauna a bakin gadona yana murza hannu. Ya nemi ɗaki ko'ina bai samu ba, otal kuwa ya fi ƙarfin abin da ya rage mana.

"Baba, ba cewa na yi ka yi rantsuwa ba. Ka ce musu dai wani lokaci tana yi, su fasa ɗauka, a bar ka a gidan. Ai ta yi ran mai wasiƙa."

"Wannan ya daɗe."

"Sati uku ne fa kawai. In aka ɗaga aikin nan biza ta ƙare, ka koma gida da ciwonka. Kare ne, Baba."

"Su mutanen za su jira sati uku?"

Matar gidan karnukan ta riga ta gaya mana akwai wani karen da za su duba ranar Lahadi.

Gaskiyar Nasiru ce, ina tsoron komawa Dutse yadda na fito, in ci gaba da tsayawa a sahun ƙarshe kusa da ƙofa don kada a ji wari a jikina.

Suka zo da hantsi. Mijin dogo, mai jan ƙafa, matar gajeriya. Abin da na fara lura da shi, ba su miƙa mata hannu daga sama ba. Matar ta zauna a ƙasa ta juya gefe, ta bar ta ta zo da kanta. Aka daɗe. Baƙuwa ta fito daga ƙarƙashin teburi, ta shinshina takalmin matar, ta waigo ta dube ni. Matar gidan karnukan ta tambaye ni da Turanci, "Yaya batun fitsarin?"

Nasiru yana kallon ƙasa.

Na ce, "Na barci ya tsaya, amma kada a daina ba ta ƙwayar, in aka daina zai dawo. Na tsoro ya ragu ƙwarai. Kada a ɗaga mata hannu, kada a buga ƙofa. In aka fitar da ita a kan lokaci, ba ta ɓata ɗaki. Ta daina."

Mijin ya ciro biro ya tambayi lokutan. Ni kuwa ban taɓa duba agogo ba. Na ce kafin fitowar rana, da bayan ta karkata, da in inuwa ta yi tsawo. Suka dubi juna. Ƙarshe Nasiru, ransa a ɓace, ya karɓi wayar mutumin ya sa masa manhajar lokutan salla ta garin. Ya gaya musu in bazara ta zo su yi hankali, Asuba za ta tashe su tun tsakar dare. Matar ta yi dariya ta ce mijinta dama fitsari na tashinsa a lokacin. Na dubi dattijon, ya dube ni, muka gane juna.

Suka nemi butar, don ita Baƙuwa ta sani. Na ba su. Na ba su kwalbar mai zare a wuya. A bakin mota ta toge, ta ƙi shiga. Na sunkuya na ce mata, "Mu je." Ta shiga.

Da yamma Sabine ta karɓi makulli. Ta ba ni hannu, na dafa ƙirji, ta ce mahaifiyarta ta yi kuka da ta ji labari, tana gaishe ni. Muka tsaya a bakin titi da akwati, ni da Nasiru, kamar ranar farko. Ban san kowa a garin ba sai mutum ɗaya, kuma shi ma a kan kare muka saba. Na ajiye kunya na kira shi.

Dakta Samir yana da ɗan ɗaki a saman asibitinsa, inda ma'aikaci ke kwana in akwai dabbar da aka yi wa aiki. Gado ne na ƙarfe da taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Ya ce, "Ya Hajji, maƙwabtanka suna da surutu, amma ba sa tambayar takarda." A can na yi sati ukun, karnuka na haushi a ƙarƙashina, ina alwala da gorar ruwa da na huda wa murfi. Daga can aka kai ni asibiti, aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a.

Bayan na dawo gida na warware, na je Taura gaida Yaya Malam. Zaurensa cike da mutane, ya sa na ba da labari tun daga farko, yana ta ƙara gishiri a inda ya ga dama. Da aka watse, muka rage mu biyu, ya tambaye ni a cikin duk mutanen nan wane ne zan kira mai masaukina, don a sa shi a addu'a. Tsohuwar, ko 'yarta, ko Balaraben?

Na ce duk sun yi, Allah ya saka musu. Amma in gaskiya ake so, wata biyu da na yi a gidan nan, albarkacin Baƙuwa na ci. Don ita aka bar ni.

Malam ya daɗe yana jan carbi. Na ɗauka wata tsokanar yake shiryawa.

"To," ya ce, "ɗaga hannunka, mu yi addu'a. Ai yanzu ba ta tsoro."